Daga Tsakar Gidan Madarasa zuwa Ajin Gwamnati: Fashin Baƙi kan Gine-ginen Makarantu a Ƙarshen Daular Usmaniyya ta Turkiyya

A manyan garuruwan da suka taɓa zama ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, tun daga Salonika a ƙasar Girka ta yau har zuwa Halab da Tarabulus, akwai wani nau'in gini da ake yawan cin karo da shi a kusa da tsohon gidan gwamna ko tsohon barikin soja. Gini ne na dutse mai hawa biyu ko uku, wanda ɓangarensa na dama da na hagu suka yi daidai wa daida, da dogayen tagogi a jere, da babbar ƙofa a tsakiya wadda ake hawa ƴan matakala kafin a kai gare ta. Akasarin irin waɗannan gine-gine makarantu ne, kuma an gina mafi yawansu tsakanin shekarun 1880 da farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu kallonsu daga waje sukan yanke hukunci cewa kwaikwayon Turai ne kawai, amma adon fuskar ginin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya canza. Babban sauyin yana cikin yadda aka raba ɗakuna, da kuma wanda ya ɗauki nauyin biyan kuɗin aikin.

Kafin ƙarni na 19, wuraren karatu iri biyu jama'ar Musulmin daular suka fi sani. Na farko shi ne makarantar yara ta unguwa, wadda ake kira maktabin sibyan, kuma ita ce takwarar makarantar allo a wajenmu. Yawanci ɗaki ɗaya ne tak mai kubba, a jikin masallaci ko a kan kusurwar titi, sau da yawa a hawa na sama, ƙasansa kuma wurin shan ruwa na sadaka. Yara suna zaune a ƙasa kan shimfiɗa, a gabansu ɗan gajeren katakon ɗora littafi, kowane yaro yana biya nasa karatun gwargwadon inda ya kai. Na biyu shi ne madarasa, inda manyan ɗalibai ke karatun fiƙihu da nahawu da tafsiri. Tsarin gininta bai cika sauyawa ba: tsakar gida mai kusurwa huɗu da wurin alwala a tsakiya, rumfuna masu ginshiƙai sun kewaye ta, a bayan rumfunan kuma ƙananan ɗakunan ɗalibai ne, kowanne da murhunsa da ƴar kubbarsa, sannan babban zauren karatu guda ɗaya. Haka madarasu takwas da Sultan Muhammad al-Fatih ya gina kewaye da masallacinsa a Istanbul a wajen 1470 suke, haka kuma waɗanda magini Sinan ya yi a harabar masallacin Sulaimaniyya a shekarun 1550.

Zaure ɗaya ya wadatar, domin karatun ba na aji-aji ba ne. Ɗalibi yana bin malami da littafi, idan ya sauke wannan ya ɗauki wancan, shaidar kammalawarsa kuma ijaza ce daga hannun malaminsa. Ginin yana fuskantar ciki, bangonsa na waje ba ya neman jan hankalin mai wucewa. Kuɗin gini da na abinci da na albashi duk daga wakafi suke fitowa, wato daga dukiyar da wani sarki ko waziri ko matar fada ko attajiri ya tsayar domin Allah, saboda haka kowace makaranta tana da nata sharuɗɗan, ba ta jiran umarnin wata ma'aikata.

Sojoji ne suka fara karya wannan tsari. Bayan da Sultan Mahmud na Biyu ya rusa tsohuwar rundunar sojan daular, wato Janisari, a 1826, ya buƙaci hafsoshi da likitoci da injiniyoyi masu horon zamani, aka buɗe makarantar likitancin soja a 1827 da makarantar horar da hafsoshi ta Harbiyya a 1834. Irin waɗannan makarantu a cikin bariki suka fara zama, ko a gine-ginen da aka yi su da siffar bariki. Makarantar soja ta Kuleli da ke bakin mashigin Bosforus a Istanbul asalinta barikin mahaya dawaki ne, akwai kuma makarantar soja ta garin Manastir, wato Bitola ta Masedoniya ta Arewa a yau, inda Mustafa Kemal, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya daga baya, ya yi karatu a ƙarshen shekarun 1890. Daga bariki ne makaranta ta gaji doguwar barandar cikin gini da ɗakuna a jere a gefenta, da katafaren ɗakin kwana, da filin fareti, da busa begila domin raba lokaci.

A ɓangaren farar hula kuwa, gini ya riga makaranta zuwa. A 1846 gwamnatin Sultan Abdulmajid ta ɗora wa Gaspare Fossati, masanin zanen gini ɗan yankin masu magana da Italiyanci na ƙasar Suwizalan, aikin gina jami'a, Darul Funun, dab da Aya Sofiya. Ginin ya fito ƙato, mai hawa uku da ginshiƙai irin na tsohon salon Girka da Rum, kuma ya ci shekaru kusan ashirin kafin a gama shi. An fara laccocin jama'a a cikinsa a 1863, amma ba a jima ba aka miƙa shi ga ma'aikatun gwamnati, ya zama mazaunin majalisar dokoki ta farko a 1877, daga baya ya koma kotu, har gobara ta cinye shi a 1933. Babu isassun ɗaliban da suka yi karatun share fage da za su cika irin wannan gini, kuma wannan gibi ne ya tilasta wa gwamnati komawa ta fara daga ƙasa. Makarantun rushdiyya, waɗanda ke bin bayan karatun farko, a tsofaffin maktabai da gidajen haya aka fi buɗe su. Rushdiyyar ƴan mata ta farko ma, a 1859, an sa ta ne a maktabin Jevri Kalfa da ke unguwar Sultan Ahmad, ginin da Mahmud na Biyu ya yi tun 1819 domin tunawa da kuyangar da ta ceci ransa a rikicin fada na 1808.

Dokar Ilimi ta 1869, wadda aka tsara a zamanin ministan ilimi Safwat Pasha bisa shawarwarin da suka zo daga Faransa, ita ce ta shimfiɗa tsanin gaba ɗaya: makarantar farko a kowane ƙauye da unguwa, rushdiyya a garin da ya kai gida 500, i'idadiyya, wato matakin da ke bin rushdiyya, a garin da ya haura gida 1,000, sultaniyya, wato babbar sakandare, a hedikwatar kowane lardi, jami'a kuma a Istanbul. Shekara guda kafin dokar, a 1868, an riga an buɗe makarantar Galatasaray, inda ake koyar da yawancin darussa da Faransanci ga ƴaƴan Musulmi da na Kirista da na Yahudawa tare. Sai dai doka a takarda ba ta aza tubali. Baitulmali ya gaza biyan bashin ƙasashen waje a 1875, yaƙi da Rasha ya biyo baya a 1877 da 1878, sannan a 1881 aka kafa hukumar da ta riƙa karɓar wani kaso na kuɗin shigar daular kai tsaye domin biyan masu bin bashi na Turai.

Yayin da gwamnati ke fama da rashin kuɗi, wasu suna ta gini. Kwalejin Robert, wadda Amurkawa suka kafa a 1863, ta koma sabon gininta na dutse a kan tudun Rumeli Hisar a 1871, inda duk jirgin da ya ratsa Bosforus sai ya hango ta. A Bairut ƴan mishan na Amurka sun buɗe kwalejinsu a 1866, Faransawa ƴan Katolika kuma suna da nasu makarantun a kusan kowace tashar jiragen ruwa. Al'ummar Girkawa ta Istanbul ta gina wa tsohuwar makarantarta ta unguwar Fener sabon mazauni na jan bulo tsakanin 1881 da 1883, bisa zanen Konstantinos Dimadis, da hasumiya mai kubba da ta mamaye sararin unguwar, har baƙo yakan ɗauka fadar shugaban cocin ce. Gwamnonin larduna sun yi ta aika rahoto zuwa fada cewa manyan gari, har da Musulmi, suna kai ƴaƴansu waɗannan makarantu saboda babu na gwamnati da za su yi gogayya da su. A ganina, wanda bai sa wannan gasa a lissafi ba ba zai gane dalilin da ya sa gwamnatin da bashi ya yi wa katutu ta nace kan gina makarantu da sassaƙaƙƙen dutse ba, alhali gidan haya zai iya ɗaukar ɗaliban.

Mafitar ta zo a 1884, zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu da babban wazirinsa Sa'id Pasha, lokacin da aka ƙirƙiro kason ilimi: wani ƙari a kan ushirar amfanin gona, haɗe da wani yanki na harajin gidaje, aka ware shi musamman domin makarantu. I'idadiyya ce ta fi cin moriyar wannan asusu, domin ita ce ke samar da akawuna da malamai da ƙananan jami'an da mulkin larduna ke buƙata. Ma'aikatar Ilimi ta samo zanen gine-ginen makarantu daga Faransa, ta rarraba wa larduna a matsayin samfuri, injiniyoyin lardi da maginan gari kuma suka daidaita shi da filin da suka samu da dutsen da ke kusa da su. Cikin shekaru kaɗan gine-ginen suka bazu. Gwamna Abdurrahman Pasha ya kafa ta Kastamonu a 1885. Ta Salonika, wadda Vitaliano Poselli ɗan Italiya ya zana, an gina ta a ƙarshen shekarun 1880, ta Sivas kuma a 1892. Daga baya aka daidaita tsarin ya zama iri biyu: a hedikwatar lardi makarantar kwana mai shekara bakwai, a ƙananan cibiyoyi kuma ta jeka-ka-dawo mai shekara biyar.

Idan aka shiga ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine, abin da ake fara tararwa shi ne zauren shiga da matakalar bene a tsakiya, ofishin shugaban makaranta kuma a wurin da zai ga mai shiga da mai fita. Daga nan baranda ta miƙe dama da hagu, ajujuwa suna buɗewa a cikinta, kusan duk girmansu ɗaya. Daidaiton girman ba ado ba ne. Yana nufin an raba yara rukuni-rukuni bisa shekarar karatu, kowane rukuni yana karanta abu ɗaya a lokaci ɗaya, sa'annan su ci jarrabawa tare su koma ɗaki na gaba. Ɗakin ya zama mai tsawo domin bencina su jeru suna fuskantar bango ɗaya, inda baƙin allo da taswira da teburin malami suke. Rufin ya yi sama, tagogi suka yi tsawo, saboda likitocin zamanin sun damu ƙwarai da iska da haske a wurin da aka tara yara da yawa. Waɗannan kaya, benci da allo da taswira, su ne alamomin abin da ake kira sabuwar hanyar koyarwa, wadda malamai irin su Salim Sabit Efendi suka yaɗa bayan ya dawo daga Faris, kuma ba su shiga ba sai da suka sha suka daga masu ganin zama a kan benci bai dace da ladabin karatun Alƙur'ani ba.

A makarantun kwana, ɗakunan barci suna hawa na sama, manya-manya, gadaje a jere, saɓanin ɗan ɗakin madarasa da mutum biyu ko uku ke rufe ƙofarsu su dafa abincinsu. Akwai ɗakin cin abinci na bai ɗaya, da wurin jinya, da katanga mai ƙofa ɗaya da mai gadi. Akwai kuma wani ma'aikaci da ake kira mubassir, wanda ba koyarwa aka ɗauke shi yi ba, aikinsa sa ido kan ɗalibai a baranda da fili da ɗakin kwana. Baranda madaidaiciya ta sauƙaƙa masa aiki, domin daga tsaye a wuri ɗaya yana ganin kowace ƙofa. Ɗalibai suna sanye da tufafi iri ɗaya da jar dara, kowanne da lambarsa. Lokaci ma ya shiga tsari, ko da yake agogon da ake bi na gargajiyar daular ne, wanda ke buga ƙarfe goma sha biyu daidai faɗuwar rana.

Duk da haka, zanen Faransa bai iso larduna yadda ya baro Faris ba. A daidai shekarun da Faransa ke fitar da darasin addini daga makarantun gwamnatinta, hukumomin Abdulhamid suna ware ɗakin salla ko gina ƙaramin masallaci a harabar i'idadiyya, suna sa wuraren alwala, suna naɗa liman, suna ƙara sa'o'in darasin addini da tarbiyya, kuma sallar jam'i ta shiga jadawalin yini kamar darasin lissafi. A saman babbar ƙofa akan kafa tambarin sa hannun sarki ko alamar daula, sau da yawa tare da allon marmara mai baitocin yabo da shekarar gini. Bikin buɗe sababbin gine-gine akan haɗa shi da ranar hawan sarki gadon mulki ko ranar haihuwarsa, ɗalibai su jeru su yi addu'ar Allah ya ja zamaninsa. Tsakar gida ma ba ta ɓace gaba ɗaya ba, domin ginin Sivas da wasu irinsa an gina su ne kewaye da fili a tsakiya, sai dai yanzu fuskar ginin tana kallon dandalin gari. Abin da aka gina makaranta ce ta gwamnatin Musulunci mai son ta riƙe talakawanta da hannunta, ta karɓi kayan aikin abokan hamayyarta ba tare da ta karɓi manufarsu ba.

Ba ko'ina aka yi sabon gini ba. A Dimashƙu, gidan wani attajiri Bayahude mai suna Yusuf Anbar, wanda gwamnati ta karɓe saboda bashi kafin ya gama shi, shi aka mayar makaranta a ƙarshen shekarun 1880, ɗalibai suka yi karatu a ɗakuna masu adon dutse kewaye da tsakar gida mai bishiyoyi da maɓuɓɓugar ruwa. Makarantar ƴaƴan shugabannin ƙabilu da aka buɗe a Istanbul a 1892 ita ma a gidajen da ake da su ta zauna har aka rufe ta a 1907. Makarantun farko kuwa an bar nauyinsu a kan jama'ar gari da abin da ya rage na wakafi, shi ya sa manomin da ke biyan kason ilimi a kan hatsinsa yakan ga dutsen ya tashi a hedikwatar lardi, ƙauyensa kuma yana nan da ɗaki ɗaya a jikin masallaci. Wannan shi ne babban raunin shirin, kuma kyan gine-ginen da suka tsira yana sa a manta da shi. Akwai kuma makarantun koyon sana'a, waɗanda suka samo asali daga gidajen marayun da gwamna Midhat Pasha ya kafa a yankin Balkan a shekarun 1860. Ɗaya daga cikinsu tana Tarabulus ta Libiya, garin da ayarin fatake daga Kano ke sauke kaya bayan sun ratsa Gat da Gadamas. An kafa ta a ƙarshen shekarun 1890, gininta yana tsaye har yau.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce Makarantar Likitanci ta Haydarpasha, a ɓangaren Asiya na Istanbul, wadda Alexandre Vallaury da Raimondo D'Aronco suka zana, aka buɗe ta a 1903. Vallaury haifaffen Istanbul ne da ya yi karatu a Faris, kuma shi ne malamin zanen gini a Makarantar Fasaha da Osman Hamdi Bey ya buɗe a 1883, D'Aronco kuwa daga Italiya ya zo a 1893. Ginin ya kewaye wani makeken fili, fuskarsa mai kallon teku tana da hasumiyoyin agogo, an cakuɗa bakuna da kubbobi da faffaɗan bakin rufi irin na gabas a kan tsari irin na makarantun Turai. Yana maƙwabtaka da barikin Salimiyya. Masana tarihi da dama suna ganin zaɓen wurin yana da nasaba da siyasa, domin a tsohuwar makarantar likitancin soja da ke kusa da fadar Topkapi ne wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar asiri a 1889, wadda ta zama tushen Jam'iyyar Haɗin Kai da Cigaba mai adawa da mulkin Abdulhamid. Tsallakar da su teku ya nisanta su daga tsakiyar birni.

Abdulhamid ya san gine-ginen suna magana da ƙasashen waje ma. A 1893 da 1894 ya aika kundin hotuna 51, masu ɗauke da hotuna sama da 1,800, kyauta ga ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da gidan tarihi na Birtaniya, kuma kaso mai yawa na hotunan makarantu ne da ɗalibansu, maza da mata, a tsaye bibbiyu cikin tufafin makaranta.

Sa idon bai haifar da biyayyar da aka so ba. Ɗakin kwanan da ya tara samari ɗari daga garuruwa daban-daban ya zama wurin da haramtattun jaridu ke yawo daga hannu zuwa hannu, kuma hafsoshin da suka tilasta maido da tsarin mulki a 1908 ƴaƴan waɗannan makarantu ne. Da aka tuɓe Abdulhamid a 1909, gidan da aka tsare shi a Salonika, na iyalan Allatini, zanen Poselli ne, mutumin da ya zana masa i'idadiyyar garin. A Dimashƙu, inda ake koyar da ƴaƴan Larabawa da Turkanci, makarantar Anbar ta yaye da yawa daga cikin jagororin kishin Larabawa, ciki har da Shukri al-Kuwatli wanda ya shugabanci Siriya daga baya.

Bayan 1908 fuskar gine-ginen ta sake. Sababbin masana zanen gini ƴan ƙasa, musamman Kamaluddin Bey da Vedat Bey, sun yi watsi da ginshiƙan Girka da Rum, suka koma ga baka mai tsini da faffaɗan bakin rufi da fale-falen tangaram masu shuɗi daga Kutahya, abubuwan da suka ɗebo daga masallatan ƙarni na 16. Kamaluddin, wanda ya yi karatun injiniya a Istanbul ya ƙaro a Balin, ya shugabanci sashen gine-gine na Ma'aikatar Wakafi daga 1909, ya zana makarantu da dama, ciki har da ta Rashadiyya a unguwar Ayyub, kusa da kabarin Sultan Muhammad Rashad. Amma a bayan tangaram ɗin, baranda da ajujuwa suna nan yadda suke. Hujja mafi ƙarfi ita ce Madarasar Alƙalai da ya gina a unguwar Bayazid a wajen 1913: sunanta madarasa, ɗalibanta masu rawani ne, amma ba ta da tsakar gida mai rumfuna da ƙananan ɗakuna, bene ne mai ajujuwa kamar kowace i'idadiyya. A 1914 aka haɗe madarasun Istanbul ƙarƙashin tsari ɗaya mai aji-aji da jarrabawa, wato tsohuwar makarantar da kanta ta karɓi tsarin sabuwar.

Dokar haɗe ilimi ta 3 ga Maris 1924 ta miƙa dukkan makarantu ga Ma'aikatar Ilimi ta Jamhuriyar Turkiyya, aka rufe madarasu, gine-ginen i'idadiyya kuma suka ci gaba da aiki a matsayin manyan sakandare. Na Sivas, wanda ya karɓi taron ƴan gwagwarmayar ƙasa a Satumba 1919, gidan tarihi ne yanzu. Na Salonika ya zama mazaunin jami'ar garin daga 1927, na Haydarpasha ya yi shekara hamsin yana sakandare daga 1933 kafin ya koma hannun jami'a, hedikwatar hukumar bashi da Vallaury ya zana ita ma aka ba wa makarantar sakandaren maza ta Istanbul a 1933. Kamaluddin ya rasu a 1927 yana cikin aikin kwalejin horar da malamai ta Gazi a Ankara, wadda aka kammala bayansa, kuma hotonsa da na ginin ne ke bayan takardar kuɗi ta lira 20 da Turkiyya ta fitar a 2009.